Direban da ya zauna lafiya a Intel ya fara ɓata bayanai a Raspberry Pi 5

"Assalamu alaikum Malam. Na rubuta direban Linux, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, na wani katin PCIe mai FPGA (guntun lantarki da ake tsara masa aiki) da muke ɗibar ma'aunai da shi. Wata shida yana aiki a kwamfutar tebur mai Intel, ko tari bai taɓa yi ba. Da na mayar da shi kan Raspberry Pi 5 sai abubuwa uku suka taso mini. Na farko, `mmap`, kiran da manhaja ke neman taswirar ƙwaƙwalwa da shi, yana dawo da kuskuren EINVAL idan na ba shi tazarar 4096. Na biyu, jefi-jefi bait ɗin ƙarshen bafa, wato wurin da katin ke zuba bayanai a ƙwaƙwalwa, sukan zo da tsohon karatu maimakon sabon da katin ya aiko. Na uku, kanel, zuciyar Linux, yakan faɗi yana kukan `alignment fault` idan na yi `memcpy` daga ƙwaƙwalwar katin. Wani abokin aikina ya ce in daidaita komai a kan 4096 in huta, wani kuma ya ce in koma kanel mai shafin 4K. Wanne zan bi? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. Idan na fahimce ka, kana neman lamba ɗaya da za ka daidaita komai a kanta, cuta uku su warke da magani ɗaya. To babu wannan lambar. Abin da muke kira daidaito a cikin direba ba awo ɗaya ba ne. Akwai awon da CPU yake so idan zai karanta kalma, akwai awon layin kesh, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikin CPU, akwai awon shafi na kanel, sannan akwai iyakokin da ita na'urar ta gindaya wa kanta. Matsalolinka uku kowacce daga gida daban ta fito. Kuma tun wata shidan nan suna cikin lambarka, wato rubutun direban, a kwance, Intel ne kawai yake rufa maka asiri, domin x86 mai yawan yafiya ne: yana karanta adireshin da bai daidaita ba ba tare da ƙorafi ba, keshinsa yana sane da abin da na'ura ke rubutawa kai tsaye a RAM ba ta hannun CPU ba, wato DMA, shafinsa kuma 4096 ne tun zamanin 80386. Wanda ya koyi sana'ar a kansa yakan ɗauka haka duniya take.

Shafi ba 4096 ba ne

Kanel ba ya rabon ƙwaƙwalwa bait-bait idan ana maganar taswirar adireshi. Fuloti-fuloti yake yankawa, kowane fuloti shi ne shafi, kuma MMU, wato sashen CPU da ke fassara adireshin inuwa da manhaja ke gani zuwa adireshin gaske na RAM, a kan fuloti yake ba da izini ko ya hana. Ba ya ba da rabin fuloti.

Buga `getconf PAGESIZE` a kan allonka. A Raspberry Pi OS mai bit 64 a kan Pi 5 za ka ga 16384, domin kanel ɗin da yake tashi da shi, `kernel_2712.img`, an harhaɗa shi da shafin 16K. Tsarin ARM64 ya yarda da girma uku: 4K, 16K da 64K. Ka'idar `mmap` ita ce tazarar da ka ba shi ta rabu daidai da girman shafi. 4096 ba ta rabuwa da 16384, saboda haka kanel yake mayar maka da EINVAL tun a bakin ƙofa. Aikin `mmap` na direbanka ko kiransa ba a yi ba, shi ya sa idan ka sa `printk` a ciki ba za ka ga komai ba.

Gyaran a ɓangaren manhaja shi ne ta tambayi `sysconf(_SC_PAGESIZE)`, a ɓangaren direba kuma ka tuna `vma->vm_pgoff` lissafin shafuka ne ba na bait ba. Idan tazarar kana amfani da ita ne don zaɓen yanki, wato sifili rajistoci, na gaba bafa, to ka kwaikwayi tsarin UIO na Linux: yanki na N ana nemansa da N sau girman shafi, ko nawa ne girman.

Akwai wani abu a nan da ya fi EINVAL haɗari, don shi ba ya kuka. Idan manhaja ta nemi taswirar bait 4096, kanel zai ba ta cikakken shafi, 16384. Idan bafar da ke ƙarƙashi da `kmalloc` ka samo ta sannan ka miƙa ta da `remap_pfn_range`, ragowar bait 12288 ɗin nan na wasu ne, kayan kanel ne da suke maƙwabtaka da kai a shafi ɗaya, ka buɗe wa manhaja su ta karanta ta kuma rubuta. Duk abin da za a miƙa wa manhaja ta `mmap` ya zama cikakkun shafuka ne naka kai kaɗai, an share su da sifili. Hanya mafi sauƙi ita ce `dma_alloc_coherent` da girman da ka bi da shi ta `PAGE_ALIGN`, sannan `dma_mmap_coherent` ya yi miƙawar. Haka ma BAR ɗin katin, wato yankin ƙwaƙwalwarsa da yake buɗe wa CPU: idan 4K ne girmansa, taswirar shafin 16K za ta iya haɗawa da abin da ke gefensa.

Sai ka bi lambarka kaf ka nemo 4096, da `0xFFF`, da `>> 12`. Ga dalili da lissafi. A ce manhaja ta ba ka bafa mai bait 8192 wadda adireshinta ya ƙare da `0x3100`. A shafin 4K tazararta cikin shafin farko 256 ce, kuma shafi uku ta taɓa, ba biyu ba: 3840 a na farko, 4096 a na biyu, 256 a na uku. Masu raba 8192 da 4096 su samu 2 a nan suke faɗuwa tun ma a Intel. A shafin 16K kuwa, wannan adireshin dai tazararsa 12544 ce, shafi biyu ya taɓa: 3840 da 4352. Idan lambarka ta ce `addr & 0xFFF` za ta samu 256, sai ka tura katin ya fara rubutu bait 12288 kafin inda bafar take, a kan wasu bayanan manhajar da ba su san hawa ba su san sauka ba. `offset_in_page(addr)` shi ne daidai, adadin shafuka kuma `DIV_ROUND_UP(offset + len, PAGE_SIZE)`. Shi ma `get_order` haka: bait 16384 mataki na 2 ne a shafin 4K, mataki na 0 a shafin 16K, don haka wanda ya rubuta `alloc_pages(GFP_KERNEL, 2)` da hannu ya karɓi 64K bai sani ba.

Sai dai ba kowace 4096 ce za ka mayar `PAGE_SIZE` ba, kuma a nan mutane ke gudu ba su tsira ba. Idan injin DMA da ke cikin FPGA ɗinka an gina shi ne a kan cewa kowane umarni ba ya wuce 4096, wannan lambar ta katin ce, ba ta canzawa don kanel ya canza. Ka ba ta sunanta daban. Direban NVMe na Linux misali ne mai kyau: yana da `NVME_CTRL_PAGE_SIZE` wanda yake 4096 ko da kanel na kan 64K, da shi yake yanka jerin PRP, wato jerin adireshin bafa da ake miƙa wa na'urar, inda shigarwar farko kaɗai aka yarda ta fara a tsakiyar shafi, sauran dole su fara daga bakin shafin na'urar. Duk 4096 da ka tarar, ka tambayi kanka: ta kanel ce ko ta katin?

Tsohon karatu a ƙarshen bafa

Wannan ita ce babbar, kuma ita ce za ta fi cin lokacinka, don haka bari in tsaya a kanta.

CPU ba ya zuwa RAM don bait ɗaya. Layi guda yake ɗaukowa ya ajiye a kesh, bait 64 a Intel da kuma Cortex-A76 da ke cikin Pi 5, idan kuma zai mayar, layin gaba ɗaya yake mayarwa. A x86 idan na'ura ta rubuta RAM ta DMA, kayan aikin da kansu suke sanar da kesh. A yawancin ƙananan allunan ARM babu wannan sanarwar. Kanel yana ganewa ne daga bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke bayyana masa kayan da ke allon, idan babu `dma-coherent` a kan na'urar ko hanyar haɗi (bus) da take kai, sai ya ɗauki nauyin share kesh da kansa a lokacin `dma_map_single` da `dma_unmap_single` da kiraye-kirayen `dma_sync`. Sharar nan kuma layi-layi ake yinta.

To ka duba wannan tsari da kusan kowa ya taɓa rubuta irinsa: `struct` mai ɗauke da `u8 buf[60]`, a bayansa `u32 kirga`. Bait 60 da 4, sun cika layi ɗaya cif. Ka miƙa `buf` ga katin, yana cikin rubutu, sai wani ɓangaren direba ya ƙara wa `kirga` ɗaya. Don ya yi hakan, CPU ya ɗauko layin duka daga RAM, har da tsohon abin da ke cikin `buf`, ya riƙe a kesh a matsayin layin da aka taɓa. Katin ya gama zuba sabon karatu a RAM. Can anjima kesh ya juye layinsa ƙasa, tsoho ya hau kan sabo. Ko kuma a samu akasi, a soke layin, ƙarin da aka yi wa `kirga` ya bi ruwa. A babbar bafa layukan tsakiya nata ne ita kaɗai, na farko da na ƙarshe ne suke haɗa katanga da maƙwabci, shi ya sa ɓarnar take fitowa a gefe. Alamar da ka bayyana ke nan sak.

Na sha wannan da kaina a wani aiki a kan allo mai Cortex-A9, wanda layin keshinsa bait 32 ne. Bafar karɓar SPI tana cikin `struct` ɗin direba, makullin direba (lock) na biye da ita. Sai a yi awanni lafiya, sannan bait uku ko huɗu na ƙarshe su maimaita na karatun baya. Kwana huɗu muna zargin waya, muka canza kebul, muka rage gudun agogo, muka ɗora na'urar duba sigina muka ga bayanan suna shigowa daidai a kan waya. Abin haushin, da na sa `printk` don in kama shi sai ya ɓace, domin jinkirin bugawar ya sa ba a taɓa makullin a daidai lokacin da DMA ke gudana. Ranar da na zauna na buga adireshin bafar da na makullin na raba kowanne da 32 na ga amsa ɗaya, kunya ce ta kama ni. Layi ɗaya na rubutun direban na gyara.

Gyaran iri biyu ne. Mafi tsafta shi ne bafar DMA ta samu `kmalloc` nata daban, domin kanel ya yi alkawarin abin da `kmalloc` ya bayar yana da aminci ga DMA idan ka bi ta `dma_map`, kuma tun Linux 5.4 idan girman da ka nema lamba ce da ake samu ta ninka 2 da kanta sau da sau, kamar 512 ko 2048, adireshin ma yana daidaita a kan wannan girman. Idan dole bafar ta zauna cikin `struct`, ka kai ta ƙarshe ka sa mata `__aligned(ARCH_DMA_MINALIGN)`, kada kuma wani abu ya biyo bayanta. A ARM64 wannan awon 128 ne ba 64 ba, saboda kanel ɗaya zai iya tashi a kan injin da layinsa ya fi na Pi girma. Direbobin IIO na ma'aunai sun sha wannan cizon har suka yi wa abin suna nasu, `IIO_DMA_MINALIGN`. Ka ga dai 4096 ba ta shigo maganar ba. Daidaita farkon bafa a kan 4096 ba ya hana wani ya zauna a layinta na ƙarshe, kuma a nan ɓarnarka take.

Sai ladabin mallaka. Daga lokacin da ka yi `dma_map_single` bafar ta katin ce, kada CPU ya leƙa ta, ko karatu. Idan kana so ka duba kafin ka sake ta, `dma_sync_single_for_cpu` tukuna, idan ka gama `dma_sync_single_for_device`. A Intel waɗannan kiraye-kirayen galibi ba sa yin komai, shi ya sa wanda ya manta da su ba ya ganin sakamako sai ya sauya allo. Kada kuma ka yi DMA daga bafar da ke kan sitak, wurin ajiyar wucin gadi na aikin da ke gudana, ko wadda `vmalloc` ya bayar. Tun Linux 4.9 a ƙarshen 2016, da aka kawo `CONFIG_VMAP_STACK` a x86 (ARM64 ya biyo baya a 4.14), sitak ɗin kanel kansa daga yankin `vmalloc` yake, shafukansa a jere suke a adireshin inuwa amma a warwatse a RAM. Direbobin USB da dama sun karye a lokacin. Idan ka ga `rejecting DMA map of vmalloc memory` a `dmesg`, wannan ne.

Ka harhaɗa kanel na gwaji da `CONFIG_DMA_API_DEBUG`. Yana kama wanda ya manta `dma_mapping_error`, da wanda ya saki bafa da girman da ba shi ya ɗauka da shi ba, da taswira biyu da suka hau layin kesh ɗaya. Ba ya ganin CPU yana taɓa maƙwabcin bafa, wannan sai `pahole` ya nuna maka zaman kowane fili a cikin `struct` ka duba da idonka.

Faɗuwar memcpy

Wannan mai sauƙi ce. Abin da `ioremap` ko `pci_iomap` ya ba ka ba RAM ba ne. A ARM64 ana yi masa taswira a matsayin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma dokar tsarin ita ce duk karatu ko rubutun da bai daidaita a kan girmansa ba a irin wannan yanki laifi ne nan take, ko da CPU ɗin yana yafe hakan a RAM. Shi kuwa `memcpy` an rubuta shi ne don gudu, yana ɗibar bait 16 a tashi ɗaya daga duk inda ya ga dama, yana ma komawa baya ya haɗa wutsiya. Yi amfani da `memcpy_fromio` da `memcpy_toio`, ga rajistoci kuma `readl` da `writel` ko `ioread32`. Idan katin naka bait 4 kaɗai yake karɓa a kowane taɓi, kamar yadda rajistocin AXI-Lite da yawa suke, to madauki na `ioread32` ya fi aminci, domin `memcpy_fromio` yana iya karanta bait ɗaiɗai a gefe da 8 a tsakiya. Alamar `__iomem` da kayan binciken `sparse`, wato `make C=1`, za su nuna maka duk inda ka haɗa nunin na'ura da na RAM. Manhajar da ta yi `mmap` na BAR ita ma kada ta kira `memcpy` ko `memset` na glibc a kansa, SIGBUS za ta samu.

Ɗan'uwan wannan shi ne ciro `u32` daga tsakiyar saƙon da ya zo, a ce daga bait na 3, ta hanyar juya nuni. `get_unaligned_le32` aka tanada don haka. Tsofaffin ARM kafin ARMv6 ba faɗuwa ma suke yi ba wani lokacin, juya bait ɗin suke yi su ba ka lambar banza. Saboda irin wannan ne ma direbobin Ethernet suke da `NET_IP_ALIGN`: kan saƙon Ethernet bait 14 ne, sai a bar gurbin 2 a gaba don kan IP ya faɗo a kan 16.

Abin da katin kansa yake so

Ban ga lambarka ba, ban kuma ga takardar bayanin injin DMA ɗin da ke cikin FPGA ɗin ba, don haka a wannan ɓangaren takardar ce alƙali ba ni ba. Abubuwan da za ka nema a ciki: adireshin farko a kan nawa zai daidaita, umarni ɗaya bait nawa yake ɗauka, akwai iyakar da ba a tsallakawa, kuma adireshi bit nawa katin yake iya furtawa. Irin waɗannan iyakoki tsofaffi ne. DMA na ISA, tsohuwar hanyar haɗi ta PC, ba ya wuce 16MB na farko kuma ba ya tsallaka iyakar 64K (128K a tashoshi masu bit 16), har yau kuma a xHCI, mai sarrafa USB, bafar umarni ɗaya (TRB) ba ta tsallaka 64K. Ita ma PCIe ba ta yarda buƙata ɗaya ta tsallaka iyakar 4K ba, amma yawanci injin DMA ne yake yanka wannan da kansa.

Idan ka samo su ka faɗa wa kanel: `dma_set_mask_and_coherent`, `dma_set_max_seg_size`, `dma_set_seg_boundary`. Ƙananan umarnai masu buƙatar daidaito na musamman kuma `dma_pool_create` yana karɓar awon daidaito da na iyaka. Adireshin da za ka rubuta wa katin shi ne `dma_addr_t` da `dma_map` ya dawo da shi, ba abin da `virt_to_phys` ya ce ba. A kwamfutar tebur da IOMMU, mai fassara wa na'urori adireshi, a kashe sukan zo ɗaya, a allunan ARM kuwa `dma-ranges` na bishiyar na'urori yana iya gusar da su.

Ga bafar da manhaja ta kawo, ka kafe shafukanta da `pin_user_pages_fast`, wanda ya shigo a Linux 5.6 don irin wannan aiki a madadin `get_user_pages`, ka gina jeri da `sg_alloc_table_from_pages`, ka yi `dma_map_sgtable`, sannan ka zagaya da `for_each_sgtable_dma_sg`, domin adadin gutsattsarin bayan taswira yana iya kasa na shafukan idan an haɗe wasu. Da an gama, `unpin_user_pages_dirty_lock`. Matsalar layin kesh tana nan ma: bafar da `malloc` ya bayar tana iya haɗa layi da wasu kayan manhajar. Ni a direbobina ƙin karɓa nake yi, in mayar da EINVAL idan farko ko tsawon bafar bai daidaita ba, in rubuta a takarda cewa a yi amfani da `posix_memalign`. Wasu suna ganin tsanani ne. Na gwammace mai manhaja ya ji haushina minti biyar da ya yi wata yana neman bait huɗu.

Game da komawa shafin 4K: sa `kernel=kernel8.img` a `config.txt` ka sake tayar da allon. Gwaji ne mai amfani, domin duk abin da ya warke ka san na girman shafi ne, abin da ya rage kuma na kesh ne ko na ƙwaƙwalwar na'ura. Ina sa ran EINVAL zai tafi, sauran biyun su zauna daram. Amma kada ka tare a can. Asahi Linux a kan kwamfutocin Apple masu M1 da 16K yake aiki, RHEL 8 na ARM64 da 64K ya fito, Android 15 ya fara karɓar 16K. Na fi so ma ka gwada direban a kanel mai 64K a cikin QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, ko a wani allo, can ne kurakuran lissafin shafi suke fitowa da girmansu.

Idan ka raba bafar da maƙwabtanta, ka sa kiran `dma_sync` a wurarensu, amma tsohon karatu bai daina zuwa a wutsiya ba, to ka juya kan FPGA ɗin. Mai yiwuwa yana tayar da katsewa, wato kiran da ke sanar da CPU an gama, kafin rubutun ƙarshe ya bar shi. Katsewa irin ta MSI rubutu ne da ke bin hanya ɗaya da bayanan, don haka ba ya riga su isa idan an aika shi bayansu, amma idan dabarar cikin katin ta harba shi tun bayanan suna jiran fita, direba zai farka ya tarar da saura. Da tsohon salon katsewa na INTx kuwa, sai ka karanta wata rajistar katin a farkon mai karɓar katsewar, karatun zai turo rubutun da ke hanya. Gwajin da nake yi shi ne in cika bafar da `0xA5` kafin in miƙa ta, in ga abin da ya rage, sannan bayan ɗan jinkiri in sake yin `dma_sync_single_for_cpu` in duba. Idan a dubawa ta biyu bayanan sun cika, katin ne ya yi gaggawar kira. Idan `0xA5` ɗin yana nan bai gusa ba, koma ka sake buga adireshin bafar da na abin da ke bayanta, ka raba su da 64.